Kwantenar da ke komawa Sin wayam

Duk wanda ya san hanyar Apapa ya san layin nan na tireloli masu ɗauke da kwantenonin da babu ko tsinke a cikinsu, suna jiran a karɓa a mayar wa masu jirgi. Sun iso maƙil da atamfa da wayoyi da fankoki da babura a kwance cikin kwali, za su koma da iska. Mai son ya fahimci cinikin Najeriya da ƙasar Sin, ya fara da wannan layin kafin ya buɗe littafin alƙaluma.

Alƙaluman ma abin da suka faɗa ke nan. A lissafin kwastam ɗin Sin, cinikin kaya tsakanin ƙasashen biyu a 2023 ya kai wajen dala biliyan 22 da rabi. Abin da suka turo mana ya haura biliyan 20, namu da suka saya bai cika biliyan 2 da rabi ba. Wato duk dala ɗaya da muka samo a wurinsu, mun miƙa musu takwas da ɗoriya. Idan ka duba lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa za ka tarar kayan Sin ba su kai haka ba, kuma ruwa ba ya tsami banza: dilar da aka rubuta wa Kwatano ko Lome, ta hau tirela zuwa Maraɗi, 'yan fito suka tsallako da ita ta daji zuwa Kano, ba ta cikin littafinmu. Haka wadda aka shigo da ita ta Legas amma aka karya kuɗinta a takarda don a rage kuɗin fito.

To sai dai a nan nake rabuwa da masu cewa a rufe ƙofa kawai a huta. Giɓin ciniki da ƙasa guda ba shi ne cutar ba. Mai shago a unguwa kullum yana saro kaya a kasuwar Singa ta Kano, ba ɗan Singa ɗaya da ya taɓa zuwa ya sayi sabulu a shagonsa, amma bai karye ba muddin 'yan unguwa na saye. Najeriya ma a 2024 ta sayar wa duniya kaya fiye da yadda ta saya, rarar ta doshi naira tiriliyan 17. Ɗanyen manmu Turai da Indiya da Amurka ke kwasa, mu karɓi dala a can mu kai kasuwannin Guangzhou da Yiwu na Sin. Angola kuwa Sin ce babbar mai sayen manta, shi ya sa ita rara take ci a kan Sin, kuma hakan bai mai da Luanda birnin masana'antu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne dalar da muke kaiwa daga rijiya ɗaya take fitowa. Ranar da mai ya faɗi, kamar 2016 da 2020, dala ta ɓuya, ɗan kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya wayi gari jarinsa na kwantena biyu ya koma na ɗaya.

Sannan a daina zuba kayan Chaina duka a buhu ɗaya. Injin casar shinkafa, injin ban ruwa, faifan sola, taransifoma, ƙarfen layin dogo, duk a cikin biliyan 20 ɗin nan suke. Ku dubi siminti. Kafin gwamnati ta ɗaure lasisin shigo da shi da sharaɗin gina masana'anta a gida a 2002, jirgi-jirgi muke sayowa. Yau a Obajana da Ibese da Sakkwato ake yin wanda muke gini da shi, kuma kamfanin Sinoma na ƙasar Sin ne ya harhaɗa da yawa daga cikin sabbin layukan. An sayi inji a wurinsu sau ɗaya, an daina sayen siminti a waje. Tsadarsa a kasuwa wata magana ce ta daban, ita ma akwai ranarta. Irin wannan sayayya ko ta faɗaɗa giɓin bana, riba ce. Wadda ke ci min rai ita ce ta abin da muke da kayan haɗinsa a ƙofar gida.

Tufafi nake nufi. A shekarun 1980 ƙasar nan na da masaƙu sama da 170. Kakuri a Kaduna gari ce guda ta ma'aikatan masaƙa, Bompai da Sharaɗa da Challawa suna aiki dare da rana, audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi na da mai saye tun tana gona. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya ya ƙare a farkon 2005, masaƙar KTL ta Kaduna ta tsaya a 2002, maƙwabciyarta UNTL ta rufe a 2007. Mutane na jera waɗannan shekarun su ce ga mai laifi nan. Gaskiya ne atamfar Sin ta zo da araha, har da wadda aka kwaikwayi zanen masaƙunmu aka buga mata tambarin ƙarya a gefe. Amma ta tarar da mara lafiya ne a kwance.

A yi lissafi. Lita ɗaya ta man dizal a babban janareta tana ba da wutar da ba ta wuce yunit uku zuwa uku da rabi ba. Idan litar tana naira 1,200, yunit ya tashi a wajen naira 350 zuwa 400, ba a sa gyara da man juye ba. Wutar gwamnati ta rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awowi a rana, tun ƙarin Afrilun 2024, ta haura naira 200. Masaƙa kuwa ba ta jure ɗaukewar wuta: zare ya tsinke, rini ya daskare a inji, yadin da ke kan layi ya fito kala biyu, ya zama na banza. Bashin banki a nan ruwansa ya kai kashi 30 cikin ɗari, mai masaƙa a birnin Shaoxing na Sin yana karɓa a ƙasa da kashi 5, kuma mai rini da mai zare da mai gyaran inji duk maƙwabtansa ne. Ko da kwastam sun tsare kowace ɓarauniyar hanya daga Illela zuwa Maigatari, turmin da aka saƙa a Challawa a wannan yanayi ba zai yi gogayya da nasa ba.

Kuma ai mun gwada hanin. A zamanin Obasanjo an haramta shigo da atamfa, sai cinikin ya koma hannun 'yan fasa-ƙwauri. A 2015 Babban Banki ya hana dalar gwamnati ga kaya 41, har da tufafi da tsinken sakace, sai aka koma kasuwar bayan fage aka ɗora wa mai saye, har aka janye hanin a Oktoban 2023. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan Sin da ke kasa kaya a Kwari, a 2015 marinan Kano sun yi zanga-zanga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Binin da Togo sun ci kuɗin tasha, masu shingen hanya sun ci nasu, masaƙa ko ɗaya ba ta farfaɗo don haka ba.

Yarjejeniyar musayar naira da yuwan, kuɗin Sin, da aka ƙulla a 2018, aka sabunta a ƙarshen 2024, ita ma an yi mata kirarin da ya fi ƙarfinta. Yuwan biliyan 15 ne, kusan dala biliyan 2, wato kamar kashi ɗaya cikin goma na sayayyar shekara guda. Tana rage wahalar neman dala ga wanda ya buɗe Fom M, takardar shigo da kaya, ta banki, amma aro ne da za a mayar, ba ciniki ba. Mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa ma ba ta banki suke biya ba, ta hannun 'yan canji ne.

Yanzu a zo ga abin da za a cika kwantenar da shi in za ta koma. Abin da Sin ke saya a wurinmu iskar gas ce da ɗan ɗanyen mai da duwatsun ma'adini, sai kayan gona kaɗan. A cikin kayan gonan, riɗi ne ya fi shafarmu. Sin ce ta fi kowace ƙasa sayen riɗi, fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. Amma duba jerin masu kai mata, za ka ga Nijar da Togo a sahun gaba, da adadin da ya zarce abin da gonakinsu ke bayarwa. Duk ɗan Dawanau da ɗan Maigatari ya san amsar. A shekarun baya, riɗin da ya fito da takardar Najeriya ana sa masa harajin wajen kashi 10 cikin ɗari, na ƙasashen da ake lissafawa cikin matalauta yana shiga kyauta. Sai riɗin Jigawa da Yobe ya tsallaka iyaka, ya sauya buhu, ya isa Sin a matsayin ɗan wata ƙasa. Manomi ya sayar, ba laifi, amma dalar ba ta bi ta bankinmu ba.

A Disamban 2024 Sin ta cire haraji gaba ɗaya ga ƙasashen Afirka 33 masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da Nijar da Cadi, a Yunin 2025 kuma ta sanar za ta faɗaɗa shi ga ƙasashe 53, har da mu. Labari ne mai daɗi, sai dai haraji shi ne ƙaramin shingen. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin tan 19 na riɗi, buhu 380 masu kilo 50. Mai saye yana son tsabta ta kai kashi 98 zuwa 99, danshi kada ya wuce 6 ko 7, tsamin mai kada ya haura 2. Riɗin kasuwar ƙauye kuwa da yashi da kara da tsakuwa yake zuwa, wani ma da gangan ake zuba masa ƙasa don ya yi nauyi. In dattin ya kai kashi 6, sai ka sayi sama da tan 20 kafin injin gyara ya ba ka 19. In aka ɗure shi bai gama bushewa ba, kwana 40 ko fiye a cikin ƙarfe a kan teku ya isa ya sa rufin kwantena ya yi gumi, ruwan ya ɗiga kan buhunan sama, su yi fumfuna, mai saye ya zabge kuɗi ko ya ƙi karɓa. Shi ya sa ake shimfiɗa takarda a bango da ƙasa, a rataya buhunan tsotse danshi. Ga kuma masu yayyafa fiya-fiya a sito. Wannan maganin ne ya ja Tarayyar Turai ta hana wakenmu shiga tun 2015, kuma ɗakin gwajin Sin ba ya gyangyaɗi.

Sai takardu: rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, Fom NXP na fitar da kaya a banki, biyan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin duba kaya, shaidar lafiyar tsiro daga hukumar killace kayan gona, shaidar feshi, shaidar asalin kaya, sannan kuɗin su dawo cikin kwana 180. Tun Janairun 2022 kwastam ɗin Sin ta wajabta wa masu sarrafa kayan abinci na waje yin rajista da ita. Wasu amfanin gona kuma ba sa shiga sam sai ƙasashen biyu sun sa hannu a kan yarjejeniyar wannan amfanin shi kaɗai. A nan ya kamata jami'anmu su dage in sun je Beijin, amfani bayan amfani, maimakon hoton musabaha.

Amma kada mu yaudari kanmu da riɗi. Ɗauka tan yana dala 1,500, kwantena ta tashi dala 28,500. Kafin a haɗa biliyan ɗaya sai an loda kwantena 35,000, sama da tan dubu 660, giɓin kuwa ya doshi biliyan 18. Kuma ba kowace fitarwa ce abin murna ba. Itacen madobiyar Taraba da aka sassare aka yi ta lodawa har aka dakatar da Najeriya daga cinikinta a 2018 ta shiga lissafin fitarwa, haka fatun jakunan da suka kusa ƙarar da jakin ƙauye kafin Tarayyar Afirka ta hana a 2024. Dutsen litiyam na Nasarawa ma in wankewa da niƙawa kawai za a yi masa a nan, batirin ya dawo mana cikin kwali, kwantenar ta cika amma aljihu bai cika ba.

Don haka babban ɓangaren giɓin a gida zai toshe, ta hanyar da siminti ya bi, da wadda tayil ke bi yanzu a Ogun, inda 'yan Sin ɗin da kansu suka kafa masana'anta saboda dakon ƙasa da dutse daga can ba ya biya. Mai son sayar da atamfa a Kwari a ce masa ga fili a Challawa, ga auduga, ga sauƙin haraji na shekaru ƙididdigaggu, da sharaɗin zaren gida da ma'aikatan gida. Ba zai zo ba sai an nuna masa wuta mai araha, wutar kuwa tana jiran bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka aza harsashinsa tun 2020.