Hannun uwa aka danna, yaro aka hana ƙwai

Wata maƙwabciyarmu a Kubwa ta kai ɗanta mai shekara biyu wani ɗakin magani a cikin garin Abuja saboda ƙuraje da kumburin ciki. Ba a ɗebi jininsa ba, ko sikeli ba a ɗora shi ba. Cewa aka yi ta rungume shi da hannu ɗaya, ta miƙe ɗayan. Mai maganin ya ɗora wata 'yar kwalba mai madara a kan cikin yaron, ya danna hannun uwar, hannu ya yi ƙasa, wai alamar jikin yaron ba ya karɓar madara ke nan. Ƙwai ma haka, gyaɗa ma haka. Ta dawo gida da jerin abincin da aka haramta wa yaron, da robobin ƙwayoyi masu tsada.

Wannan shi ne gwajin tsoka, wanda masu yinsa ke kira kinisiyoloji. Wani mai gyaran ƙashin baya a birnin Ditiroyit na Amurka, George Goodheart, ya ƙirƙiro shi a 1964, bisa da'awar cewa raunin tsoka na tona ciwon da ke ɓoye a jiki. Kada a haɗa shi da gashi da motsa gaɓoɓin da ake yi wa yara a asibiti, wannan ilimi ne daban.

Tambayata ɗaya ce: wa ke auna ƙarfin dannawar? Mai dannawa ne, kuma ya riga ya san abin da ke cikin kwalbar. Ba sai ya yi niyyar ha'inci ba, hannun mutum kan bi abin da zuciyarsa ke tsammani bai ma sani ba. Shi ya sa da masu bincike suka ɓoye wa masu gwajin abin da ke cikin kwalaben, sakamakon bai wuce canki-canka ba. A 2011 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya ta ce kada a yi amfani da wannan hanya wajen gano abincin da jikin yaro ba ya karɓa.

Ban ga laifin uwar ba. Wadda ta wuni a layin asibiti ta samu minti biyar da likita, dole ta ji daɗin wanda ya zauna ya saurare ta. Sai dai yaron ne ke biyan kuɗin wannan saurare da jikinsa. Madara da gyaɗa su ne ginshiƙin abincin da ake farfaɗo da masu tamowa da shi, ga shi an raba yaro mai tasowa da su kan hannun da ba nasa ba ma. Idan kuma kumburin na tsutsar ciki ne ko sikila, watannin da aka ɓata wajen ƙaurace wa ƙwai ciwon na ci gaba da aikinsa.

Na ce mata, "Maman Abba, in za ki koma, ki naɗe kwalaben da takarda ki cakuɗa su, a sake gwajin sau uku." Ta yi dariya, ta ce ai tana jin nauyin mutumin.