Aro Ne Ko Rabon Gado?

Tun da na yi ritaya na mayar da zaurena a Ƙofar Sauri wurin 'yan gyare-gyare, domin in riƙa lallaɓa tsohuwar motata Peugeot 504, sai maƙwabta suka ɗauke ni ma'ajin unguwa. Wannan ya aiko yaro a ba shi sifana mai lamba 12, wancan ya ari jak tun kafin azumi, ga shi har an yi hawan Babbar Sallah bai dawo da shi ba! Filayata kuwa a hannun wani bakanike na gan ta, yana rantsuwa cewa gadonta ya yi. Shin fanshon nawa na saya wa Katsinawa guduma ne? Jiya taya ta yi mini faci a hanyar Daura, na buɗe but, ban tarar da komai ba sai tabarma da buta.