Wa Ya Ce Dukkansu Na Cuta Ne?

Jiya da dare 'yata tana haddar darasin kimiyya, na ji tana jero wa ke cin wa a daji: ciyawa, barewa, kura. Na ce, "To in kurar ta mutu, wa ke mayar da ita ƙasa?" Ta ce ungulu. Na ce in ungulu ta gama ta tashi fa? Shiru. Da na ce mata wasu halittu ne da ido ba ya iya gani, sai ta yatsine fuska: "Baba, ƙwayoyin cuta fa kenan!"

Ban ga laifinta ba, sunan da muka laƙaba musu kenan gaba ɗayansu. A rediyo ma ba a tuna su sai kwalara ko sanƙarau ya ɓarke. Wanke hannu wajibi ne, ba na ja da wannan. Amma yaro ya tashi yana ɗaukar duk abin da ba ya gani maƙiyi ne, alhali masu cutar 'yan ƙalilan ne a cikinsu.

Da ni ne malami, allo ba zai gan ni ba ranar wannan darasi. Gona za mu tafi a watan Agusta, kowa ya tumɓuke wake ko gyaɗa a hankali, ya ɗauraye saiwar. Zai ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa sun maƙale mata. Ya fasa guda da farce, cikinsa ja-ja kamar nama. Nan bakteriyar Rhizobium ke zaune. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, shuka kuwa ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye, su ne ke sarrafa mata shi. Sinadarin da muke zuba kuɗi mu saya a buhun yuriya kenan. Sai a 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware wannan bakteriya a ɗakin bincike, amma manomin da ke sa wake tsakanin gero ya daɗe da sanin ƙasarsa ba ta saurin gajiya.

Ko a cikin gida ma. Wa ke mayar da kalwa daddawa in an dafa an rufe ta kwana uku? Wa ke sa madara ta zama nono? Hatta Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don kare masara da gyaɗa daga gubar afilatokzin, fumfuna ce marar guba ake watsawa a gona ta kori 'yar'uwarta mai guba.

Na ce wa 'yar tawa ranar Asabar za mu je gonar kawunta ta gani da idonta. Ta yarda, wai da sharaɗin zan saya mata safar hannu.