A riƙa auna kan jariri, ba nauyinsa kaɗai ba

Idan ƙari ya fito wa babba a ƙwaƙwalwa, sau da yawa ciwon kai ne ke kai shi asibiti. Jariri kuwa ba ya faɗa, kuma ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, sai su buɗe su ba ƙarin wuri. Shi ya sa ake makara wajen gano irin su ATRT, wani nau'in kansar ƙwaƙwalwa mai saurin girma, wanda ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 3, da ƙarin da ke tsirowa a inda ake samar da ruwan ƙwaƙwalwa.

A ganina, awon kai ya kamata ya zama dole duk sanda aka kai yaro awo. A zagaya tef daga saman gira zuwa inda ƙeya ta fi tudu, sau 3, a ɗauki adadi mafi girma. Ana haihuwar jariri da kusan santimita 35. Yakan ƙara kamar 2 duk wata a watanni 3 na farko, sannan 1 har wata 6, daga nan rabi har shekara 1. Awo ɗaya ba hujja ba ne. Sai an jera awon wata-wata a jadawalin girman yara ake ganin kan da ke tsallake layukansa.

Wasu za su ce wannan tsorata iyaye ne kawai. Suna da hujja, domin yawancin masu babban kai gado suka yi, kuma auna kan uwa da uba yakan nuna hakan. Amma in maɗiga ta kumbura alhali yaro na zaune ba ya kuka, ko yana amai da safe babu gudawa, ko idanunsa sun sunkuya har farin sama ya bayyana, ko ya daina abin da ya riga ya iya, jira kuskure ne. A yi hoto ta maɗiga da na'urar da ake duba ɗan tayi da ita, duk da yakan kasa ganin bayan kai sosai. MRI, hoton cikin kai da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, shi ne ke tabbatarwa. Kada a ɗebi ruwan ƙashin baya kafin hoto, domin matsin da ke cikin kai na iya turo ƙwaƙwalwa ƙasa.

Makara tana da tsada. Likitoci na guje wa gasa ƙwaƙwalwa da hasken da ke kashe ƙari kafin shekara 3 saboda yana taɓa basira, don haka nauyin na kan tiyata da kemo, wato magungunan kashe kansa. Jinin jariri kusan mililita 80 ne kawai a kowane kilo, wato mai kilo 8 na da kusan 640, kuma babban ƙari ya fi zubar da jini lokacin tiyata. In gwaji ya nuna ATRT, a bincika ƙwayar gadon SMARCB1, wadda lalacewarta ke jawo shi, a jinin yaron, a kuma duba ƙodarsa, domin irin wannan ƙari na iya fitowa a can ma.