Yaron da ke laɓewa bayan uwarsa ba wawa ba ne

Iyayenmu da malaman makarantunmu na Aboabo da Asawase a Kumasi, don Allah mu rage saurin cewa "hali zanen dutse". Binciken tagwaye ya nuna gado na ɗaukar wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane. Sauran kuwa abin da rayuwa ta yi da mutum ne, kuma a nan muke da hannu.

Can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, girmansa kamar ƙwallon dabino. Shi ne mai gadi: da ya ga baƙuwar fuska ko ya ji tsawa sai ya ankarar da jiki, zuciya ta hau bugawa. Mai ce masa "tsaya tukuna" shi ne sashen da ke bayan goshi, wanda ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. To, ta yaya ɗan shekara bakwai zai riƙe kansa kamar dattijo?

Jerome Kagan na jami'ar Harvard a Amurka ya gwada jarirai 'yan wata huɗu da sababbin sautuka da kayan wasa masu motsi. Wajen ɗaya cikin biyar suka yi ta wutsil-wutsil da kuka. A 2003 Carl Schwartz ya duba ƙwaƙwalwar manya waɗanda tun suna shekara biyu aka san su da noƙewa, ya tarar amigdalarsu ta fi motsawa idan suka ga fuskar da ba su sani ba. Shi kuwa Turhan Canli, a 2002, ya ga amigdalar masu son shiga jama'a ta fi amsa fuska mai murmushi. Wato yara biyu za su bi uwarsu kasuwar Kejetia, ɗaya yana shan kallo, ɗaya jikinsa na ɓari, kuma babu mai yi da gangan.

Kada dai wani ya ce hoton ƙwaƙwalwa zai karanta halin ɗanka. Mutum 15 kacal Canli ya auna, kuma abin da na'urar ɗaukar hoton ke gani kwararar jini ce, ba tunani ba.

Kuskuren da muke yi iri biyu ne, kuma na farko ya fi damuna. Bulala da dariya a gaban yara suna koya wa mai gadin nan cewa gaskiyarsa, wurin akwai haɗari, gobe sai ya fi saurin tashi. Na biyu, a ɓoye yaro a ɗaki, bai taɓa ganin cewa tsoro na sauka da kansa ba.

Idan za a sa shi sabuwar makaranta, a kai shi kafin ranar farawa, ya gaida malam, ya zauna minti goma, a dawo. Gobe a ƙara. Ki ce masa, "Tsoro kake ji, ko?" domin ambaton abin da baki yana rage zafinsa. Idan ya fusata, a jinkirta nasiha kamar rabin awa, jikinsa bai huce ba balle kunnensa ya buɗe. Barci kuma, ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12, abin da waya a hannu da dare ke cinyewa.

In tsoron ya kai makonni yana hana shi cin abinci, barci ko zuwa makaranta, a kai shi asibiti. Asibitin Komfo Anokye na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.