An horar da dubbai, to ina aikin?

Wai har yaushe za a ci gaba da rufe bakin marasa aikin yi da takardar shaida? Kowace gwamnati ta hau sai ta ƙaddamar da shirin mayar da mutane bakin aiki. A buɗe shafin rajista, a ɗauki hotuna, a sanar da adadin waɗanda aka horar. Mutum nawa ke kan aiki bayan shekara guda? Shiru kake ji, don ba wanda ya koma ya duba.

Tun daga zaɓen sana'a ake yin ɓarnar. Ba a zama da masu kamfanoni a ji irin ma'aikacin da suke nema. Sai a cusa jama'a ɗaki ɗaya, sana'a ɗaya, inji guda mutum goma na layi a kansa, bayan sati shida a ce an yaye su. Haba! Walda ko wayarin na zama a hannu cikin sati shida? A Jamus mai koyon sana'a kan yi shekara 2 zuwa 3 da rabi, yawancin kwanakin mako yana cikin kamfani, kuma ana biyansa.

Ga alawus. Wanda ya daɗe a zaune ba shi da kuɗin mota. Idan alawus ya makara wata biyu dole ya daina zuwa, sai a rubuta cewa ya gudu.

Tallafin albashi ma ya fi ban haushi. Gwamnati ta ɗauki rabin albashi na wata shida, ba tare da sharaɗin riƙe ma'aikaci bayan nan ba. Ranar da tallafi ya ƙare a sallame shi, a ɗauko sabo daga layin. Wani mai kamfanin har tsohon ma'aikacinsa yake kora ya cike gurbin da mai tallafi. An ɗebe nan an zuba can, a takarda kuma an samar da aiki!

Ko tsarin da ba a biyan masu kwangilar nema wa mutane aiki sai mutum ya samu aiki ma ba ya hana wayo. Shirin da Birtaniya ta fara a 2011 haka aka tsara shi, kuma ya sha suka kan cewa kamfanonin da aka ba kwangilar sun fi rungumar waɗanda da ma ke dab da samun aiki, suka jingine naƙasassu da marasa lafiya gefe.