A Holand ka ci abincin gayyata, washegari a turo maka lissafi

Makon jiya wani abokin aikina a nan Utrecht ya gayyace ni cin abincin dare. Tun saura sati uku ya buɗe ɗan littafin da suke rubuta alƙawura, ya nemo mini gurbi: Alhamis, ƙarfe shida daidai. Na je da furanni, don an ce mini haka ake yi. Aka kawo dankalin Turawa da aka kirɓa da ganye, wanda suke kira stamppot, da naman halal da ya saya musamman domina. Mu huɗu ne, nama yanka huɗu. Da aka kawo kofi, matar gidan ta buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ta mayar da murfi.

Washegari da safe sai ga saƙo a WhatsApp. Tikkie ne, wata manhaja da kusan kowa ke amfani da ita a ƙasar nan wajen karɓar bashi. Wai Yuro 6, kuɗin naman. Na biya, amma wallahi har yau abin na tsaye mini a wuya.

Ba na cewa mugaye ne. Mutumin nan ya zagaya gari ya nemo mahaucin Musulmi saboda ni. A ganinsu idan kowa ya biya nasa, babu mai jin nauyin wani, babu gori. Mu ma ai muna lissafi. Duk macen da aka kai wa gudummawar biki ta san ranar ramawa na nan tafe, sau da yawa har da ƙari. Amma namu lissafin a zuci yake, kuma ba a son a rufe shi. Kwanon tuwo ya shiga maƙwabta, ya dawo da ɗan wake, haka za a yi ta yi har jikoki. Su kuwa da zarar kuɗi sun shiga, an rabu ke nan, ba ka bina ba na binka.

Wai har in rama gayyata sai mun sake buɗe littafi! A gidanmu a Katsina wa ya taɓa tambayar Inna mutum nawa za su ci? Ana sallama a zaure za a ƙara ruwa a miya.

Abin da ya fi damuna ma ba Turawan ba ne. Ranar Asabar wani ɗan'uwanmu daga Damagaram ya ƙwanƙwasa ƙofa ba tare da ya kira ba, ɗana mai shekara 8 ya leƙo ya ce mini da harshensu, "Baba, yana da alƙawari da kai ne?" Mutumin ya yi dariya, ni ban yi ba. Na riga na gaya wa uwarsu, hutun bazara mai zuwa yaran nan Katsina za su yi shi gaba ɗaya, ko nawa tikitin jirgi ya kai.